Daga Malaman Taki zuwa Farin Allo: Yadda Intabiyun Injiniyan Manhaja Ya Samo Asali

A shekarar 1909, shekara shida bayan sojojin Birtaniya sun shiga Kano, Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen Suwizalan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, a Nassarawa. Gidan ƙasar da ya zauna yana nan har yau a unguwar, yana amsa sunansa. Abin da gwamnatin mulkin mallaka take nema a lokacin shi ne ma'aikata na wani irin aiki da ba a saba da shi ba: masu rubutun boko, masu riƙe lissafin baitulmali, da masu auna gonaki domin yanka haraji, waɗanda aka sani da malaman taki saboda da takun ƙafa suke awo. Da harshen yau, su ne ma'aikatan fasaha na farko a ƙasar Kano.

Galibin ɗaliban farko sarakuna ne suka turo su, wasu malamai ne da suka riga suka yi nisa a karatun Arabiyya, wasu 'ya'yan sarauta. Wanda ya turo mutum shi ne shaidarsa. Haka kuma al'amarin yake a kasuwa: attajiri ba ya damƙa wa yaro mabuɗin shago sai ya san ɗan gidan wane ne, kuma wa ya tsaya masa. A marinar Ƙofar Mata ko a maƙera, maigida yana kallon hannun yaro shekara da shekaru kafin ya sakar masa aiki. Ma'auni biyu ke nan: shaidar wanda aka yarda da shi, da gani da ido na tsawon lokaci. Intabiyu yana ɓullowa ne a inda aka rasa biyun, wato inda mai ɗaukar aiki yake fuskantar baƙon da babu mai tsaya masa, kuma ba shi da shekarun da zai zuba masa ido. Sai ya nemi ya matse duka cikin 'yan sa'o'i.

Ƙarni guda bayan Ɗan Hausa, matashin da ya gama Jami'ar Bayero, ko wanda ya koyi rubuta manhaja da kansa a ɗaki, yana zaune gaban kwamfuta a ɗaya daga cikin gidajen Nassarawa da aka mayar ofisoshi, yana jiran kiran wani kamfani da ke Legas ko Balin. Zai bi matakai huɗu zuwa shida cikin makonni. Iyayensa sun san wani intabiyun daban, na hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wanda ya yi ƙarfi a shekarun 1950 lokacin da gwamnatin Sardauna take cika ofisoshi da 'yan Arewa: babbar riga, fayil ɗin takardun shaida, dattawa a bayan dogon tebur. A wannan sabon, mai yiwuwa har a gama babu wanda zai nemi ganin kwalin digirinsa. Kowane mataki da zai taka yana da ranar haihuwa, kuma kusan kowanne an ƙirƙiro shi ne domin gyara gazawar na gabansa. Wanda ya san tarihin ya san abin da ake aunawa a kowace ƙofa.

Tarihin ya faro ne tun babu kwamfuta. A 1921 jaridun Amurka suka bankaɗo jerin tambayoyi fiye da ɗari da Thomas Edison yake yi wa masu digiri da ke neman aiki a kamfaninsa: waɗanne ƙasashe ne suke iyaka da Faransa, ina kogin Volga yake, mene ne saurin sauti. Da 'yan jarida suka jefa wa Albert Einstein ta saurin sauti, ya nuna musu cewa ba ya ɗora wa kansa haddace abin da zai tarar a littafi. Gardamar da aka fara a ranar, ta hadda da fahimta, ita ake yi har gobe.

Da kwamfuta ta shigo kasuwa a shekarun 1950, matsalar ta ƙara tsanani, domin babu makarantar da take yaye masu rubuta mata umarni. A 1955 kamfanin IBM ya fito da jarrabawar gwajin hazaƙa ta musamman ga masu neman wannan aiki: jerin lambobi a cike na gaba, siffofi a gano dangantakarsu, da lissafin tunani. Kamfanoni da yawa suka ɗauke ta. Ita ce kakar jarrabawar intanet da ake turo wa mai neman aiki a yau ta dandali irin su HackerRank ko Codility, wadda na'ura ce take makinta, agogo yana tafiya, kuma babu ɗan'adam da zai dubi sunan mutum sai ya haye. Sunan sana'ar ma daga baya ya zo. Taron da ƙungiyar NATO ta kira a Garmisch ta Jamus a 1968 shi ya yayata kiran aikin da injiniyanci, a lokacin da manyan ayyukan manhaja suke cinye kuɗi suna ƙin ƙarewa.

Sai zamanin kacici-kacici. William Shockley, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro taransista, ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya a 1956, kuma an ruwaito yana yi wa masu neman aiki tambaya riƙe da agogon auna daƙiƙa. Ɗaya daga cikinsu: 'yan wasa 127 sun shiga gasar da duk wanda aka doke ya fita, wasa nawa za a buga kafin a sami zakara? Mai gaggawa zai fara raba gida-gida yana tarawa. Mai natsuwa zai lura cewa kowane wasa mutum ɗaya yake fitarwa, kuma dole mutum 126 su fita, saboda haka wasa 126. Tambayar tana da kyau. Sai dai Shockley ya iya zaɓen haziƙai bai iya zama da su ba: a 1957 takwas daga cikinsu suka fice suka kafa Fairchild, kamfanin da ya zama tushen masana'antar yankin.

Microsoft ne ya mayar da wannan salo al'ada a shekarun 1990. Tambayarsa da ta fi shahara ita ce, me ya sa murfin ramin magudanar ruwa na kan titi yake da'ira? Amsar da aka fi so ita ce murfi mai da'ira ba ya faɗawa cikin raminsa ko ta yaya aka juya shi. (Bakano zai iya cewa tambayar da ta fi dacewa da titunanmu ita ce ina murfin ya tafi, kuma 'yan jari-bola sun fi kowa sanin amsa.) Google ya gaji salon, har zuwa 2013, lokacin da shugaban sashen ma'aikatansa, Laszlo Bock, ya shaida wa jaridar New York Times cewa sun bi diddigin sakamako sun gano irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa hasashen komai, amfaninsu kawai mai tambayar ya ji shi gwani ne. Kamfanin ya kuma gano cewa ganawa huɗu ta isa a yanke hukunci, abin da ya wuce nan wahalar da mutane ne. Duk wanda aka tambaye shi ƙwallo nawa za su cika motar bas a yau, ya san ya faɗa hannun kamfanin da labari bai iso masa ba.

Abin da ya maye gurbin kacici-kacici shi ne zuciyar intabiyun yanzu: a ba mutum matsala, ya rubuta umarnin da zai warware ta, ana kallonsa. Dalilin yana da sauƙi, kuma yana da ɗaci. A 2007 wani mai rubuta manhaja, Imran Ghory, ya bayyana wani ɗan gwaji da ya kira FizzBuzz: a rubuta umarnin da zai jero 1 zuwa 100, amma inda lamba take rabuwa da 3 a sa Fizz, inda take rabuwa da 5 a sa Buzz, inda take rabuwa da duka biyun a haɗa kalmomin. Aikin minti kaɗan ne. Ya ce masu takardu da dama suna kasawa, Jeff Atwood ya yaɗa maganar, kamfanoni suka ɗauki darasi cewa takarda ba ta rubuta manhaja. A 2008 Gayle Laakmann McDowell ta fitar da littafinta na shirin wannan jarrabawa, a 2015 dandalin LeetCode ya bayyana da tarin tambayoyin atisaye, shiri ya zama sana'a mai zaman kanta.

Ga yadda zaman yake. Minti arba'in da biyar ne ko awa guda, a gaban farin allo ko a shafin da mutum biyu suke gani lokaci ɗaya. Mai tambaya zai ce, misali, ga jerin lambobi, a nemo biyu da jimillarsu ta ba da wani adadi. Hanyar da take fara zuwa zuciya ita ce a gwada kowace lamba da kowace. Tana aiki, amma idan lambobin sun kai miliyan ɗaya, gwajin ya doshi biliyan 500. Hanya ta biyu ita ce a buɗe rajista: duk lambar da aka wuce a rubuta ta, kuma a kan kowace sabuwa a duba ko abokiyar cikonta tana cikin rajistar. Zagaye ɗaya, taku miliyan ɗaya, an gama. An sayi lokaci da wurin ajiya, kuma wannan cinikin shi mai tambaya yake son ya ji mutum ya faɗa da bakinsa. Yana so ya ji an tambaye shi: lambobin a jere suke? Akwai maimaici? Idan babu amsa fa, me za a mayar? Amsa daidai da aka rubuta cikin shiru sau da yawa ba ta kai darajar amsa mai ɗan gyara da aka yi ta a fili ba.

A nan tarbiyya takan yi wa ɗan Arewa ƙafar ungulu. An koya masa cewa shiru a gaban na gaba ladabi ne, yawan tambaya rashin kunya ne, kuma ba a buɗe baki sai magana ta nuna. Mai tambaya da ke Amsterdam yana fassara shirun minti uku da cewa mutum ya ɓace. Amma akwai wani gado da ya fi kusa da abin da ake nema. Wanda ya taɓa zaman darasu a tsangaya ya san yadda ake ɗaga allo a karanta a gaban gwanaye, a tsayar da mutum a kan wasali guda, ya gyara ya ci gaba ba tare da ya rikice ba. Wannan jimirin karɓar gyara a bainar jama'a shi ne rabin jarrabawar.

Salon bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da hujja. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro Homebrew, manhajar da ɗimbin injiniyoyi suke amfani da ita kullum, ya bayyana cewa Google ya ƙi ɗaukarsa saboda ya kasa juya wani tsarin bayanai mai siffar bishiya a kan allo. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft suka gwada ɗalibai 48: wasu suka warware matsala su kaɗai a ɗaki, wasu ana kallonsu. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya faɗi da kusan rabi. A cikin matan da suka shiga, duk waɗanda suka yi a keɓe sun ci, duk waɗanda aka kalla sun faɗi. Adadin ya yi kaɗan a gina doka a kansa, amma ya isa ya nuna cewa wani ɓangare na abin da allon yake aunawa fargaba ce. Kamfanoni sun san haka, sun kuma ci gaba, domin lissafinsu daban ne: sun gwammace su rasa gwani goma da su ɗauki mutum ɗaya da zai zame musu kaya. Saboda haka faɗuwa a wannan mataki ba ta cika zama hukunci a kan iyawar mutum ba. Wasu kamfanonin sukan ba da aikin gida na kwana biyu ko uku a madadinsa, sannan a zauna a tattauna abin da mutum ya gina.

Wannan tsari ya shigo Nijeriya da ƙarfinsa ne ta hannun Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014. A wancan lokacin mai nema yana farawa da jarrabawar intanet, sai karatun gida, sai ganawa, sai sansanin horo na mako biyu inda ake ta zubar da mutane, kuma kamfanin yana alfahari da cewa waɗanda yake ɗauka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24. A Satumban 2019 kuwa ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 420 a Nijeriya da Kenya da Uganda, yana mai cewa kasuwa ƙwararru take nema. Tun daga ranar ƙofar sabon shiga ta ƙuntata, kuma shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku yana ƙara yawan masu tsayuwa a bakinta.

Wanda ya yi shekaru a aiki zai tarar da wani mataki da ba a yi wa sabon shiga da tsanani: zayyana tsari. Ba a neman umarni ko layi ɗaya. Za a ce, tsara mana manhajar tura kuɗi da mutum miliyan goma za su yi amfani da ita. Sai tambayoyi su biyo baya. Idan mai tura kuɗi ya danna sau biyu saboda layi ya tsaya, yaya za a hana a cire masa sau biyu? Idan an cire a nan bai isa can ba, wa zai gano, kuma cikin minti nawa? Idan rumbun bayanai ɗaya ya mutu da tsakar rana fa? Babu amsa guda, akwai dai zaɓi da farashinsa. A wannan mataki zama a Kano jari ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS yana jiran kuɗin da suka maƙale ya san matsalar a jikinsa. Kuma a garin nan aka yi ainihin irin wannan aiki: ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Titin Independence, ta yi aikin taswirar ƙauyuka da bin sawun masu rigakafin shan-inna, kuma injiniyoyinta sun gina manhajojin da suke aiki babu intanet, su adana bayanai a waya, su aika idan layi ya dawo. An yi amfani da irinsu a yaƙi da Ebola a 2014. Injiniyan da ya saba tunanin wayar mai araha, da data mai tsada, da layin da yake zuwa yana ɗaukewa, yana da abin faɗa da takwaransa na Landan sai dai ya karanta a littafi.

Ganawar hali ita ce wadda masu fasaha suka fi rainawa, alhali binciken masana halayyar ma'aikata, tun daga babban nazarin Schmidt da Hunter na 1998, ya sa tsararriyar ganawa, wadda ake yi wa kowa tambaya iri ɗaya a auna da ma'auni ɗaya, cikin hanyoyin da suka fi hasashen yadda mutum zai yi aiki. Tambayoyin sanannu ne: ba mu labarin lokacin da ka saɓa da shugabanka, ko ranar da aikinka ya rushe. Ana son labari na gaske mai kai da gindi: halin da aka shiga, abin da mutum ya yi, da abin da ya biyo baya. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, shi ya sa ɗan Kano yakan ce "mun yi" a inda shi kaɗai ya kwana yana yi. Mai tambaya kuwa yana da takardar maki a gabansa, kuma babu gurbin "mu" a cikinta. Faɗin abin da mutum ya aikata, da adadinsa, ba tare da ƙari ba, shaida ce, kuma a wannan ɗaki babu mai bayar da ita sai shi.

Idan aka haye, sai ciniki, kuma abin mamaki ne yadda jikokin fatake suke karɓar tayin farko su yi godiya. Kamfani yakan bar sarari a tayinsa domin ya san za a ce albarka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,400 cikin watanni, tambayar da wane kuɗi za a biya ta zama daidai da tambayar nawa za a biya. Haka ma bambancin cikakken ma'aikaci da ɗan kwangila, wanda haraji da inshorar lafiya da kuɗin inbata da data duk suna wuyansa.

Tsohon ma'auni kuma bai mutu ba. Takardar da ma'aikacin cikin kamfani ya miƙa tana tsallake layin da ɗaruruwa suke ciki, kamfanoni da yawa ma suna ba ma'aikacin lada idan wanda ya kawo ya zauna. Shi ne mai tsaya wa mutum, a sabuwar riga. Tarukan masu manhaja irin DevFest da ake yi a Kano, da gudummawa ga manhajojin da kowa yake iya gani a GitHub, su ne hanyar da wanda ba shi da kowa a Legas yake samun wanda ya ga hannunsa.

Annobar 2020 ta mayar da intabiyu gaba ɗaya kan intanet, kuma wannan ne ya sa mai zaune a Nassarawa ya iya neman aikin da a da sai ya yi ƙaura. Amma a Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito, ƙirƙirarriyar basira ta fara warware tambayoyin allo cikin daƙiƙoƙi. A 2025 wani ɗalibin Jami'ar Columbia, Roy Lee, ya gina manhajar da take raɗa wa mai intabiyu amsa ba tare da mai tambaya ya gani ba, ya kuma yi tallarta a fili, jami'ar ta dakatar da shi. A shekarar ce shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce za su dawo da aƙalla ganawa ɗaya ta ido da ido. Meta kuwa ya fara gwada akasin haka, wato a bar mai nema ya yi amfani da basirar a gaban mai tambaya, a ga ko zai gane inda ta yi kuskure. Mai nema a yau zai iya tarar da ko wanne, tare da buƙatar ya kunna kyamara, ya nuna fuskar kwamfutarsa duka, ya kuma tabbatar da cewa shi ne mai fasfon.

Ga kamfanin Legas, ganawar ido da ido tana nufin tikiti daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko yini da dare a mota. Ga na Balin ko Landan tana nufin biza, kuma kamfani kaɗan ne zai ɗauki wannan ɗawainiya saboda ƙaramin injiniya. Akwai dai hanya ta uku da ta girmi rikicin. Automattic, kamfanin da yake tafiyar da WordPress.com, wanda ma'aikatansa suke warwatse a ƙasashe da dama, ya daɗe yana yin ganawarsa a rubuce, sannan ya ba mai nema aikin gwaji na 'yan makonni tare da ma'aikatansa, yana biyansa dala 25 a kowace awa, kafin a yanke shawarar ɗaukarsa.